Statsguru: Ma'aunin Gwanayen Kurket, da Wuraren da Yake Karkacewa

A shekarar 2000 masu Wisden, kundin kurket na shekara-shekara, sun tara alƙalai 100, tsofaffin 'yan wasa da marubuta, suka ce kowa ya zaɓi mutum biyar da suka fi kowa a kurket a ƙarni na 20. Duk su ɗarin sun sa Don Bradman. 90 sun sa Garfield Sobers. Daga nan ƙuri'a ta watse: Jack Hobbs 30, Shane Warne 27, Viv Richards 25. Wato in an cire mutum biyu, masana kansu ba su yi ittifaƙi a kan komai ba. Bayan wannan zaɓen Sachin Tendulkar da Jacques Kallis da Muttiah Muralitharan suka kammala nasu zamanin, musun ya ƙara faɗi. Duk mai son shiga wannan musu da hujja a hannu, wuri ɗaya yake fara zuwa: Statsguru, rumbun ƙididdiga da ke cikin shafin ESPNcricinfo. Kyauta ne, ba rajista, kuma yana ɗauke da kowane wasan Tes, wato wasan ƙasa da ƙasa mai ɗaukar kwanaki, tun na farko da aka buga a Melbourne a watan Maris na 1877. Hukuncinmu a kansa shi ne babu na biyunsa wajen kashe hujjar ƙarya, amma ba ya gyara bambancin zamani da kansa, kuma wanda bai san haka ba zai fito da kuskure yana riƙe da lambobi masu kama da gaskiya.

Shafin da kansa tsohon yayi ne. Farin fili, ƙananan rubutu, akwatunan zaɓi jere da juna. A kwamfuta yana buɗewa nan take ko da intanet ba shi da ƙarfi, domin ba hotuna masu nauyi. A waya kuwa wahala ce: sai an kwantar da wayar, ana jan tebur hagu da dama, kuma yatsa kan danna akwatin da ba shi ake nufi ba. A sama ana zaɓar nau'in wasa: Tes, wasan yini guda, T20 (gajeren wasa na 'yan sa'o'i), ko duka a haɗe, da na mata da na matasa. Ƙarƙashinsa ana zaɓar fanni: bugu, jifa, kamu, haɗin gwiwar masu bugu biyu, ƙungiya, alƙalan wasa, ko jimilla. Abin da mafi yawan sababbin shiga ba sa lura da shi shi ne maɓallin da aka rubuta "Advanced filter". Ainihin aikin yana can. Shafin farko ɗanɗano ne kawai.

Ga gwaji na farko da ya kamata kowa ya yi. Zaɓi Tes, zaɓi bugu, ka ce a jera bisa matsakaicin maki, wato makin mai bugu a raba da adadin fitar da shi da aka yi, kada ka sa wani sharaɗi. Bradman ba zai fito a kan gaba ba. Cikin waɗanda za ka gani a samansa akwai Andy Ganteaume na West Indies, wanda ya shiga bugu sau ɗaya tak a 1948, ya ci 112, ba a sake kiransa ba. Matsakaicinsa 112, na Bradman 99.94. Ba laifin na'urar ba ne, abin da aka tambaye ta ta bayar. Maganinsa yana akwatin "Result qualifications", inda ake sa mafi ƙarancin abin da mutum zai cika kafin a lissafa shi. An saba sa shiga bugu 20. Sai dai a nan gizo ke saƙa, don lambar da ka sa ita ke yanke wa ya shiga musun, wa ya fita. Da 20, za ka ga Adam Voges na Ostareliya da 61.87 a Tes 20, sama da Graeme Pollock mai 60.97 da George Headley mai 60.83. Ka buɗe shafin Voges ka raba bisa abokan karawa, sai ka ga ya ci West Indies maki 542 an fitar da shi sau ɗaya kacal, a lokacin da ƙungiyar ta yi rauni ƙwarai. In kuma ka ɗaga sharaɗin zuwa Tes 50 don ka kawar da Voges, ka kori Pollock mai 23 da Headley mai 22, waɗanda ba rashin ƙwarewa ya taƙaita su ba: ɗaya haramcin da aka sa wa Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata ya tsayar da shi tun 1970, ɗayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa shekarun ƙarfinsa. Shawararmu a yi tambayar sau biyu, da 20 da kuma 80, a ajiye jerin biyun gefe da gefe.

Bradman ya cancanci a tsaya a kansa, don a kansa ne Statsguru ya fi nuna amfaninsa. Tes 52, shiga bugu 80, sau 10 ba a fitar da shi ba, maki 6,996, ɗari-ɗari sau 29. Ana raba maki da adadin fitarwa ne, ba adadin shiga ba, don haka 6,996 a raba gida 70. A watan Agusta na 1948 a filin Oval da ke Landan ya shigo bugunsa na ƙarshe yana buƙatar maki 4 ya cika 7,000, matsakaicinsa ya tsaya 100 cif. 'Yan Ingila suka tsaya suka yi masa jinjina. Ƙwallon farko daga hannun Eric Hollies ya tare. Na biyu murɗaɗɗe ne da ya juya ta ɓangaren da bai zata ba, ya wuce sandarsa ya bugi itacen da yake karewa. Ya fita da sifili, kuma da yake an tattara Ingila a kan maki 52 a zagayen farko, Ostareliya ba ta sake buƙatar shiga bugu ba.

Masu sukarsa kan ce ƙananan ƙungiyoyi ya samu ya daka. Danna "by opposition team" a shafinsa ka gani da idonka. Afirka ta Kudu: Tes 5, maki 806, matsakaici 201.50. Indiya: Tes 5, maki 715, 178.75. West Indies: Tes 5, maki 447, 74.50. Sauran 37 duk da Ingila ne, ƙungiya mafi ƙarfi da zai iya fuskanta a lokacin, ya ci 5,028 a kan 89.78. Ke nan ko an zubar da wasanni 15 ɗin nan gaba ɗaya, yana gaban na biyu da kusan maki 28. Hatta kakar 1932-33, da Ingila ta zo da dabarar jifan jiki musamman dominsa, 56.57 ya samu, abin da ya ɗara matsakaicin Tendulkar na duk rayuwarsa. Wannan hujjar ta mutu cikin minti biyu. Amma ka danna "by host country" kuma, sai wata hujjar ta rayu: ƙasashe biyu kawai za ka gani, Ostareliya da Ingila. Bai taɓa buga Tes a busasshen filin Indiya ba, bai taɓa bugawa a Karebiyan ba. Tendulkar ya buga Tes 200 daga 1989 zuwa 2013, maki 15,921 a kan 53.78, a kusan kowane irin fili da kurket ke da shi, ga kuma wasan yini guda 463 a kan jiki ɗaya. Na'urar za ta ajiye maka waɗannan biyun a gabanka. Ba za ta ce maka wanne ya fi nauyi ba.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a auna kowa da mutanen zamaninsa, kuma Statsguru na iya ba ka kayan aikin, sai dai da hannunka za ka haɗa. Matakan su ne: a shafin bugu, sa ranar wasan farko da ta ƙarshe na ɗan wasan a akwatin kwanan wata. A "Batting position" taƙaita daga na 1 zuwa na 7, don kada masu jifa da ke shigowa a wutsiya su ja lambar ƙasa. A "Group figures by" zaɓi jimilla maimakon mutum-mutum. Lamba ɗaya za ta fito, matsakaicin ƙwararren mai bugu a shekarun. Raba na ɗan wasanka da ita. Ka maimaita wa abokin gardamarsa. Wanda rabonsa ya fi girma shi ya fi yi wa tsaransa nisa. Kuskure biyu ke yawan faruwa a nan. Na ɗaya, a ɗauko lambar daga shafin jimilla na "Aggregate", wanda ke haɗa makin kyauta da ake ba ƙungiya saboda kuskuren mai jifa, sai a kwatanta ta da ta mutum ɗaya wadda ba ta da su. Na biyu, a manta cewa makin ɗan wasan yana cikin jimillar da ake auna shi da ita. A zamanin yau wannan ba ya canza komai sosai don wasanni sun yi yawa, amma a shekarun 1930, da Tes ba su da yawa, makin Bradman kaɗai na ɗaga matsakaicin zamanin nasa. A cire nasa tukuna kafin a raba.

A ɓangaren jifa abin ya fi rikitarwa. Ka jera bisa matsakaici da sharaɗin fitar da mutum 100, za ka ga George Lohmann na Ingila a sama, 112 a kan 10.75, da Sydney Barnes, 189 a Tes 27 a kan 16.43. Wanda ya ɗauki wannan a zahirinsa zai ce Malcolm Marshall mai 376 a kan 20.94 da Glenn McGrath mai 563 a kan 21.64 yara ne a gabansu. Abin da babu akwatinsa a Statsguru shi ne filin. A da ba a rufe fagen jifa in an yi ruwa. Ruwa ya sauka, rana ta fito ta fara busar da saman ƙasar, ƙwallo ya riƙa tsalle yana juyawa yadda ba mai iya tare shi. A Afirka ta Kudu kuma a kan shimfiɗar tabarma ake wasa, kuma a kanta Barnes ya fitar da mutum 49 a Tes 4 a 1913-14. Wannan ba ya rage masa daraja, don abokan wasansa ma a kan tabarmar suka yi jifa ba su kai shi ba, amma yana nufin duk lambar jifa kafin 1914 sai a ware ta daban. Mafi sauƙi shi ne a sa ranar farawa daga 1920 in ana son jeri mai ma'ana. A kuma duba adadin ƙwallayen da aka jefa, ba adadin oba ba, wato jerin jifan da mutum ɗaya ke yi a jere: oba ta taɓa zama jifa 4, ta koma 5, ta koma 6, Ostareliya kuma ta riƙe 8 har kakar 1978-79.

Musun Warne da Muralitharan shi ne inda tacewar ta fi daɗin aiki, kuma shi ne inda aka fi yin zamba da ita. Murali: 800 a Tes 133 a kan 22.72. Warne: 708 a Tes 145 a kan 25.41. Magoya bayan Warne sai su cire Zimbabuwe da Bangaladash. Murali ya samu 176 a kansu, Warne 17 kawai, don haka lissafin ya koma 624 da 691, Warne a gaba. Gaskiya ne. Amma ka duba matsakaicin a wannan teburin da suka tace, har yanzu na Murali ya ɗan fi kyau. Sai su koma kan gida da waje: 493 daga cikin na Murali a filayen Siri Lanka ya same su, waɗanda ake gyarawa don su dace da murɗa, kuma a Ostareliya matsakaicinsa ya haura 75. Shi ma gaskiya ne. Sai magoya bayan Murali su tuna musu cewa Warne bai taɓa yi wa masu bugun Ostareliya jifa a Tes ba, ƙungiya mafi ƙarfi a zamanin, kuma McGrath na ɗaya gefen yana matsa wa mutane. A Indiya kuwa, inda aka fi iya buga murɗaɗɗen ƙwallo, dukansu sun sha wuya, Warne 43.11, Murali 45.45. Kowace daga cikin lambobin nan daidai take. Wanda ya nuna maka ɗaya ya ɓoye sauran shi ne ya cuce ka. Abin da muke yabawa a nan shi ne adireshin shafin sakamako na ɗauke da duk sharuɗɗan da aka sa, don haka in wani ya kawo maka tebur, ka nemi adireshin, ka buɗe ka ga me ya cire.

Akwatuna biyu da ba a cika taɓawa ba suna sauya hoto ƙwarai. Na mai tsaron bayan itace: Kumar Sangakkara na da 57.40 a jimilla, amma a Tes 48 da ya sa safar hannu yana tsuguno yini guda 40.48 ne, a 86 da ya ajiye ta kuwa 66.78, wanda ke kai shi kusa da kujerar da ke bin ta Bradman. Na kyaftin: Imran Khan a jimilla 37.69 a bugu, 22.81 a jifa, amma a Tes 48 da ya jagoranci Pakistan 52.34 a bugu, 20.26 a jifa. Wanda ke musun Sobers da Kallis a matsayin gwanin fanni biyu bai gama ba sai ya duba wannan layin. Su biyun kansu lambobinsu sun yi kusa har da mamaki: Sobers 57.78 da fitarwa 235 a kan 34.03, Kallis 55.37 da 292 a kan 32.65. Abin da teburin ba zai nuna ba shi ne Sobers na jifa iri uku da hannun hagu, na gudu da murɗa iri biyu, kuma sau da yawa shi ke buɗe jifa, alhali Kallis yakan shigo ne bayan Allan Donald da Shaun Pollock ko Dale Steyn sun gama nasu.

Yanzu ga manyan giɓi. Statsguru ba ya tace wasannin cikin gida na ajin farko. Wannan ya fitar da W. G. Grace daga musun baki ɗaya, don Tes 22 kawai ya buga, na farkon yana da shekara 32, matsakaici 32.29, alhali girmansa a wasannin gundumomin Ingila yake tun kafin a ƙirƙiro Tes. Rabin labarin Hobbs ma yana can. Makin Brian Lara 501 na 1994 ba zai fito ba. Mai son waɗannan sai ya nufi CricketArchive, wanda ke karɓar kuɗi. Haka kuma duk wasan da hukumar kurket ta duniya, ICC, ba ta amince da shi ba, babu shi. Gasar Kerry Packer ta 1977 zuwa 1979, inda Viv Richards da Greg Chappell da Dennis Lillee suka kara da juna a ganiyarsu, ba ta cikin lissafi. Wasannin 1970 tsakanin Ingila da haɗakar sauran duniya, da 254 ɗin da Sobers ya ci a Melbourne a farkon 1972, babu su. Amma wasan haɗakar duniya da Ostareliya na 2005 a Sydney yana ciki, don shi an ba shi matsayi. Barry Richards ya tsaya a Tes 4 da 72.57, ba ya ko cika sharaɗin shiga jeri. Ba Statsguru ya yanke waɗannan hukunce-hukuncen ba, amma da ya sa ɗan gargaɗi a shafukan irin waɗannan 'yan wasa da ya kyauta.

Saurin cin maki ma ba a dogara da shi a tsofaffin wasanni. Inda ka ga alamar tarawa a gefen adadin ƙwallayen da mutum ya fuskanta, ma'anarta bayanin bai cika ba, don masu rubuta sakamako a da minti suke ƙirgawa. Wannan ya fi cutar Viv Richards, wanda 50.23 ɗinsa ba ya bayyana abin da ya sa masu jifa ke tsoronsa. A wasan yini guda bayanansa sun fi cika: 47.00, da maki 90 a kowane ƙwallo 100, a zamanin da 65 ko 70 ke zama abin yabo, kuma bai taɓa sa hular kwano ba. Kada a jera shi kai-tsaye da Virat Kohli, wanda ya wuce ɗari-ɗari 49 na Tendulkar a Nuwamban 2023. A Oktoban 2011 aka koma amfani da sabon ƙwallo biyu a kowane zagaye, sanduna sun yi kauri, an ƙara takura masu tsaron fili. Dabarar rabawa da matsakaicin zamani ita za a yi a nan ma, sau biyu, ɗaya don matsakaici, ɗaya don sauri. A kula kuma da yawan ƙarewa ba a fitar da mutum ba. M. S. Dhoni na da 50.57, Tendulkar 44.83, amma sau 84 cikin 297 Dhoni ya gama a tsaye. In aka raba da adadin shiga, Dhoni kusan 36 ne, Tendulkar kusan 41. Babu ginshiƙin wannan a teburin, da kanka za ka lissafa, kuma ka tuna mai shigowa na 6 ba ya samun ƙwallayen da mai buɗewa ke samu.

Kamu da tsaron fili shi ne fanni mafi rauni. Ana ƙirga ƙwallon da aka cafe, ba a ƙirga wanda aka zubar, ba a ƙirga makin da aka hana. Jonty Rhodes kamar bai yi komai ba a nan. Karawar mutum da mutum ma rabi ce: zai gaya maka McGrath ya fitar da Michael Atherton sau 19, amma ba zai gaya maka maki nawa Atherton ya ci daga jifan McGrath ba.

A T20 akwai tarko sabo. Tun 1 ga Janairun 2019 duk wasan T20 na maza tsakanin ƙasashe mambobin ICC ya samu cikakken matsayi, na mata tun Yulin 2018. Alheri ne ga ƙasashe irin Najeriya da Ghana, don yanzu 'yan wasansu na da shafi da ƙididdiga kamar kowa. Amma jerin gwanaye ya cakuɗe, har mafi yawan maki a zagaye ɗaya a wasan maza ya zama 344 da Zimbabuwe ta ci Gambiya a 2024. Mai kwatanta manya dole ya zaɓi ƙasashe 12 masu buga Tes ɗaya bayan ɗaya, a akwatin ƙungiya da kuma na abokan karawa, don babu maɓalli guda da ke yin haka.

Babu kuma maɓallin sauke tebur. A ɗaga adadin layuka a shafi daga 50 zuwa 200, a kwafa, a liƙa a Excel ko Google Sheets. Bayan liƙawa a duba ginshiƙin maki mafi girma, don tauraron da ke nuna ba a fitar da mutum ba yana mayar da lambar rubutu, lissafi ya ƙi tafiya. Haka alamar tarawa da gajeren layin da ke madadin bayanin da babu. A goge su tukuna kafin a fara rabawa.